Finiks ko Miniyapolis? Ina neman shawarar waɗanda suka zauna

Baban Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi zama na gaske a ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu, ba waɗanda suka je taro suka kwana a otal suka dawo ba.

Na gama karatu a Atlanta, ɓangaren injiniyan lantarki, sai Allah ya kawo aiki biyu a lokaci guda. Ɗaya a gefen Finiks, jihar Arizona, inda masana'antun ƙananan sassan kwamfuta suke ta tasowa. Ɗayan a Miniyapolis, jihar Minesota, kamfanin ƙera na'urorin asibiti ne. Albashin Minesota ya ɗan ɗara, amma harajin jiharsu ya fi yawa, Arizona kuwa kashi 2.5 cikin ɗari suke karɓa daga kowa. Da na zauna na yi lissafi da kuɗin haya, sai na ga bambancin bai kai a ɓata baki a kansa ba. Abin da ya rage shi ne yanayi.

Ni a Fagge na tashi. Zafin Afrilu na san shi, na yi azumi a cikinsa, na yi jarrabawa a cikinsa ba fanka. Saboda haka zuciyata ta karkata ga Finiks, ina ganin zafi dai zafi ne, ga shi can ba a ɗauke wuta, ga esi a gida da mota da ofis. Sanyi kuwa, ko na Atlanta da ake cewa wasa ne, in ya taso ba na iya kataɓus.

Uwargida ce ta ƙi. Ta ga labarin mutanen da zafi ya kashe a Arizona, ta ce ita ba za ta kai yaranta inda ake faɗuwa a kan titi a ƙone ba. Tana da ƙawa a Minesota da ke ta kwaɗaita mata masallatai da kasuwar Somaliyawa.

Ga halin gidan, don ku ba ni shawara daidai da mu. Yara biyu ne, babbar shekararta bakwai, ƙaramin huɗu, kuma shi ƙaramin yana da sikila. Uwarsu ba ta fara tuƙi ba tukuna. Hajiyata takan zo ta yi 'yan watanni, tana fama da ciwon gwiwa. Wanne ne mai sauƙin ɗauka a cikin biyun?

Bazazzagin Arizona

Wa alaikumus salam. Bakano da son banza, ka ji ana cewa haraji kaɗan ne har ka fara ɗaure kaya.

Na daɗe a nan, kuma ina jin daɗin zamana, amma maganar nan taka ta “zafi dai zafi ne” ka ajiye ta. Bazarar gida wata uku ce, Maris zuwa Mayu, hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. A nan lokacin da Kano take samun sauƙi ne muke farawa, kuma ba ma fita sai cikin Oktoba. A 2024 an jera kwana 113 kullum zafi yana kai digiri 38 ko ya wuce. A 2023, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kwana 31 a jere bai sauko ƙasa da 43 ba da rana. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa a garin 50 ne, a Yunin 1990.

Ranar ma da sauƙi, daren ne matsala. A gida in magariba ta yi sai a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, kafin asuba har ka ja mayafi. Finiks kwalta ce da siminti, yini suke suna shan rana, dare ya yi su amayar da ita. Akwai daren Yulin 2023 da sanyinsa gaba ɗaya bai wuce saukowa 36 ba. Ka fito sallar isha'i ka buɗe ƙofa, ka ji ka tsaya a bakin tanderun masu gurasar garinku. Ba mai zaman ƙofar gida, ba majalisa, ba inuwar darbejiya.

Abin da uwargida ta gani gaskiya ne. Gundumar Maricopa, wadda Finiks ke ciki, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a 2023. Kuma asibitin masu ƙuna yana karɓar waɗanda suka faɗi a kan kwalta fatarsu ta saɓule, yawanci tsofaffi da ƙananan yara. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: akasarin waɗanda suka rasu a waje abin ya same su, da yawa marasa matsuguni ne, waɗanda suka rasu a ɗaki kuma galibi esinsu ne ya lalace ko ba a kunna ba. Mai aiki irin naka ba ya cikin wannan layin in Allah ya so. Amma ka gane cewa ranka da na iyalinka yana rataye da na'ura ɗaya. In ka tashi kama haya, ka tambayi shekarun esin kafin ka tambayi yawan ɗakuna. Dokar birnin ta ce esin gidan haya dole ya iya sauko da ɗaki zuwa wajen digiri 28, amma doka ba ta kawo mai gyara cikin dare a watan Yuli.

Ƙananan abubuwa: kuɗin wuta na a watannin zafi yakan ninka na Janairu fiye da sau biyu. Batirin mota ba ya daɗewa. Ƙarfen bel ɗin kujerar yaro yana ƙona cinya. Guguwar ƙura takan taso ta rufe gari a Yuli da Agusta, wannan kam ba baƙonka ba ne.

To me ya zaunar da ni? Daga Nuwamba zuwa Afrilu babu garin da ya kai nan daɗi a Amurka. Janairu da rana wajen digiri 20, rana fes, ba ka share ƙanƙara, ba ka zamewa. Mutanen Minesotan da ake kwaɗaita muku, tsofaffinsu masu hali nan suke gudowa su yi hunturu. Hajiya in ta zo a Disamba gwiwarta za ta gode maka.

Maman Sadik

Salamu alaikum. Ni a Miniyapolis nake da maigidana da yara uku, kuma zan yi magana ne a madadin uwargidanka, don na lura ku maza duk lissafinku daga mota zuwa ofis ne.

Ba zan ɓoye maka ba, sanyin nan ba hunturun gida ba ne da ake sa suwaita a sha kunu. A Janairu yini guda yakan wuce ruwa bai narke ba a waje. A ƙarshen Janairun 2019 ma'auni ya sauka zuwa 33 ƙasa da sifili, ban da iska, aka rufe makarantu, har masu raba wasiƙu aka dakatar. A irin wannan ranar kunne ko yatsa in suna waje cikin 'yan mintoci suke daskarewa. Dusar ƙanƙara takan fara a Nuwamba, a shekara ana samun abin da ya haura mita ɗaya, kuma a Afrilun 2018, lokacin da kowa ya ɗauka an gama, sai da ta sake rufe gari. Wanda ya ce maka wata uku ne ya yi maka ƙarya, ka ɗauka biyar.

Wahalarsa ta aiki ce. In gida ne naka ko na haya mai tsakar kansa, doka ta ba ka awa 24 bayan dusa ta tsaya ka share hanyar masu tafiya a ƙafa ta ƙofar gidanka. In birni ya yi shelar share tituna, akwai gefen da ba a ajiye mota, ka manta ka tashi ka tarar an janye ta, sai ka biya kafin a ba ka. Gishirin da suke zubawa a titi yana cin ƙasan mota. Fita da yara kuwa, kafin ka gama sa wa na ukun takalmi da safar hannu na farkon ya ce fitsari yake ji.

Amma ga abin da nake so ka auna. Sanyi ana sa masa kaya a fita. Yarana suna zuwa makaranta, ana fitar da su wasa a cikin dusar, suna dawowa da kumatu jajur suna dariya. Ni ma ban iya mota ba da muka zo, bas da jirgin ƙasa na cikin gari nake hawa da jibgegiyar rigata, na je Karmel, kasuwar Somaliyawa, na yi cefane na dawo. A tsakiyar birni akwai gadoji rufaffu da suka haɗa bene da bene, tsawonsu ya kai kilomita 15, ka yi yawonka ba ka taka waje ba. Yanzu ka tambayi Malam Bazazzagi, macen da ba ta tuƙi, da yara biyu, yaya za ta tsaya jiran bas a digiri 44? Kai kana ofis cikin esi, ita tana kulle a ɗaki daga Yuni zuwa Satumba, kuma daidai lokacin ne yara suke hutun makaranta. A nan hutun yana faɗowa ne a watannin da gari ya fi kyau, ga tafkuna ga filayen wasa, sai dai sauro.

Jama'a kuma ba ƙaramin abu ba ne. Somaliyawan Amurka nan suka fi yawa. Naman halal ba nema ake ba, mace da hijabi ba abin kallo ba ce, kuma tun 2023 birnin ya amince a yi kiran salla da lasifika duka lokuta biyar. Ranar da na fara jin kiran asuba a unguwar Cedar-Riverside sai da na yi hawaye. Gidan haya dole mai shi ya ba da ɗumi, wajen digiri 20, daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, kuma a cikin waɗannan watannin jihar tana da dokar da ke kare wanda bashin gas ko wuta ya hau kansa, muddin ya yi yarjejeniyar biya da kamfanin.

Abin da ya fi ci mini rai ba sanyin ba ne, duhu ne. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba. Maigida ya fita da duhu ya dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki. Shekarar farko haka kawai nake jin ƙunci ban san dalili ba, sai da likita ta auna ta ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, wanda ya zama ruwan dare ga masu baƙar fata a nan. Ko da yake azumi yanzu yana matsowa cikin hunturu, shekarun nan masu zuwa gajere za mu riƙa yi.

Gargaɗi ɗaya ga duk wanda zai zo: kada a kunna gawayi a ɗaki don jin ɗumi, ko wuta ta ɗauke. Gidajen nan a toshe suke ruf, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe iyali guda cikin barci. Ko kaskon turaren wuta ni a bakin taga nake sa shi.

Bazazzagin Arizona

Hajiya ta kama ni a maganar bas, ban musa ba. Finiks ba garin marar mota ba ne ko da sanyi, balle da zafi. In nan za ku zo, lasin uwargida da mota ta biyu suna cikin kuɗin ƙaura. Amma azumin da kika ambata mu ma muna ciki, Fabrairu a nan ko ƙishirwa ba ka ji. Kuma Hajiyarsa mai ciwon gwiwa, ƙanƙarar da ke kwanciya a kan matakala ba a ganinta, faɗuwa ɗaya ce ƙugu ya tafi.

Ɗan Maraɗi

Ni direban babbar mota ne, gidana Hustan a jihar Teksas, duka garuruwan biyu ina kai kaya. Abin da zan ƙara: kar ka dogara da cewa ba a ɗauke wuta a Amurka. A Fabrairun 2021 sanyi ya sauko Teksas, wuta ta ɗauke kwanaki, bututun ruwa suka fashe, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar gidaje sama da miliyan biyu ba wuta a tsakiyar zafi. Garin da aka gina don sanyi ya san sanyi, wanda aka gina don zafi ya san zafi, ɓarna tana zuwa ne ranar da abin da aka dogara da shi ya tsaya. Wuta ta ɗauke a Minesota ka tara iyali a ɗaki ɗaya da barguna. Ta ɗauke a Finiks a Yuli sai dai ku shiga mota ku bar garin. A hanya kuwa ni na fi tsoron ƙanƙarar Minesota sau goma a kan zafin Arizona, zafi taya kawai yake fasa mini.

Anti Nas

Baban Ilham, duk an yi maganar manya an bar yaron, alhali shi ne ya kamata ya raba gardamar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi rainon ƙanwata mai sikila, don haka bari in faɗi abin da na sani, sauran ka kai wa likitan jininsa.

Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, jinin ya riƙa tafiya a hankali, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe hanya, ciwo ya tashi. Duk uwar mai sikila a gida ta san abin da hunturu da dukan ruwan sama suke yi. Iska mai sanyi tana cikin abubuwan da ke tayar da shi. A Minesota yaron zai tsaya jiran motar makaranta da safe, za a fitar da 'yan ajinsu wasa a dusa. Ana iya rubuta wa makaranta takardar likita a bar shi a ciki, amma yaro ne, zai ga 'yan'uwansa ta taga, wata rana zai cire safar hannu.

Kar ka ce to shi ke nan Finiks ta ci. Rashin ruwa a jiki shi ma yana kaurara jini ya tayar da ciwon, kuma iskar can busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin a gan shi, yaro ya ƙafe ba wanda ya lura. Fita daga zafin 43 a faɗa kanti mai esi kamar firji, ko a tsunduma cikin ruwan wanka mai sanyi, wannan sauyin na farat ɗaya shi ma yana tayarwa. Sannan mutanen Finiks in zafi ya ishe su Flagstaff suke hawa, tafiyar awa biyu, amma garin yana kan tudu mita 2,100, iskar shaƙa ta fi ƙaranci, ba wurin da za a kai mai sikila ba ne sai da izinin likita. Akwai kuma zazzaɓin da ake ɗauka daga ƙurar hamadar Arizona, wani naman gwari ne a cikin ƙasa da ake shaƙa. Yawancin mutane yana wuce musu, amma an tabbatar ya fi yin tsanani ga baƙar fata. In ana guguwar ƙura a rufe tagogi.

In ni ce, da yaron kaɗai zan duba, zafin zan ɗauka. Dalilina, ruwa da inuwa da lokacin fita abubuwa ne da uwa take iya riƙewa a hannunta: gora a jakarsa, wasa da sassafe ko bayan magariba, 'yar riga mai dogon hannu don shiga wurin esi. Sanyin wata biyar kuwa yana jiransa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Amma wannan ra'ayina ne, akwai masu sikila da suke rayuwarsu lafiya a Minesota da Kanada.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka karɓi bayanin inshorar lafiya na kamfanonin biyu ka ajiye su gefe da gefe. Duka garuruwan suna da manyan asibitocin yara masu sashen ciwon jini. Ka duba wace inshorar ce ta haɗa da asibitin, nawa za ka biya daga aljihunka in an kwantar da shi, kuma minti nawa ne daga unguwar da za ku zauna zuwa can da ƙarfe biyun dare.

Baban Ilham

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida duka, har da tsokanar Bazazzagi, ta ce a gaya masa gurasar ma Zariya ba su iya ba.

Maganar Anti Nas ta sa ta yi shiru, ta Maman Sadik kuma ta sa ni na yi shiru. Mun tsaya a kan cewa in Finiks ce, ba za mu tashi ba sai ta karɓi lasin a nan Atlanta, kuma zan roƙi kamfanin su bar ni in fara a Oktoba don kada yara su sauka a tsakiyar wutar. Ranar Litinin muna da ganin likitan yaron, zan tafi da takardun inshorar biyu. Ita dai har yanzu ranta yana Minesota saboda jama'a.

Malam Bazazzagi, yaya musulmi suke a wajenku? Akwai islamiyya ta yara? Aikin a kudu maso gabashin birnin yake.

Bazazzagin Arizona

To ai kusa da mu ne. Akwai masallacin Tempe dab da jami'ar jihar, tun shekarun 1980 yake, akwai wasu a Chandler da Mesa, ana karatun yara Asabar da Lahadi, shagunan halal ma akwai, na Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa. Ba mu kai Miniyapolis ba, kuma a warwatse muke, kowane sai da mota. Hausawa 'yan kaɗan ne, da salla muke haɗuwa. In za ka zo duba gida ka zo yanzu da zafin, ka taho da uwargida, ku ajiye mota a filin kanti da ƙarfe uku na rana ku taka zuwa ƙofa, jiki magayi. Ka nemi gidan da tagoginsa ba sa kallon yamma, mai garejin da ake shiga ta cikin gida. Turo mini saƙo ta akwati in ba ka lambata.